Ajiye Ni Aka Yi a Gidan Zu

Jama'a, kafin ku fara yi mini nasihar haƙuri da biyayya, ku bari in kai ƙarshe tukuna. Sunana Aisa. A unguwar Gwange aka haife ni, a nan na girma, kuma in kuka shigo layinmu yau kuka tambayi gidanmu, abin da za a ce muku shi ne, "Wace Aisa? Wadda aljanu suka taɓa ɗaukewa?" Da wannan sunan na yi firamare, da shi na yi sakandare, da shi na fito jami'a. Yanzu kuma shi ne yake nema ya raba ni da Hashim.

Hashim ɗan unguwar Umarari ne, aikinsa haɗa sola a gidaje. Ba wani mai zaƙin baki ba ne, in ya zo zance rabin hirar a kan batir da waya take ƙarewa, amma bai taɓa yi mini ƙarya ba, kuma ni abin da nake nema ke nan a wurin namiji. Mun daidaita, manya sun shigo ciki, har an fara zancen ranar kawo gaisuwa. Mama ta fara tara mini kwalaben humra a ƙarƙashin gado, don sana'arta ke nan, turaren wuta da humra.

Ranar Laraba bayan la'asar ina tsakar gida, na kifa kwando a kan kasko ina turara laffayata, sai wayata ta yi ƙara.

"Aisa, kina kusa?"

"Ina nan. Lafiya?"

Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa. Hashim ba ya haka. Sai can saƙon ya shigo.

"Hajjarmu ta sa an yi bincike. Komai lafiya lau, sai abu ɗaya. Wai kina da iska tun kina yarinya."

"'Yan unguwa ne suka gaya mata ko? Ka san bakin mutane."

"Da 'yan unguwa ne da ba ta damu ba. Ƙanwar Mamanki ce ta faɗa da bakinta. Ya Gana."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Laffayar tana kan wuta har gefenta ya fara ƙauri ban ji ba, sai da Mama ta ƙwala mini kira daga ɗaki.

To bari in gaya muku abin da ya faru, yadda ya faru, don ni ce nake wurin.

Ban wuce shekara biyar ba lokacin. Washegarin Sallah ce. Aka sa mini doguwar riga ruwan ƙwai mai leshi a wuya, da takalmi mai yin ƙara in na taka, da tabarau na roba. Hannuna ya sha jan lalle. Ya Gana tana budurwa a lokacin, a gidanmu take zaune, bikinta da Alhaji Umara ya matso har an kawo kaya. Ita ta ce wa Mama za ta kai ni gidan zu in ga zaki. Ta sha jar laffaya, ta yi kwalliyar da ta fi ƙarfin kallon namun daji, amma wa zai lura? Sallah ce.

Cikin gidan zu ba masaka tsinke. Yara, masu balan-balan, masu hoto, ga warin dabbobi ga ƙamshin tsire. Ni ko zakin ban gani ba, birai kawai muka leƙa, sai ta ja ni muka koma wajen ƙofa. Akwai wata darbejiya kusa da katanga, gefenta wata mata tana sayar da zoɓo a kula. Nan ta tsayar da ni. A bakin titi wani mutum yana zaune a kan babur, don lokacin ba a hana babur a garin nan ba. Dogo ne, da farar riga. Ba Alhaji Umara ba ne. Umara na san shi sarai, shi yake kawo mini biskit duk zuwansa.

Ya Gana ta sunkuyo, ta damƙa mini alawa, ta ce, "Tsaya nan, yanzu zan dawo. Kada ki je ko'ina."

Na ga ta hau bayansa, ta ja laffaya ta rufe fuska, suka tafi.

Wallahi ban je ko'ina ba. Wannan shi ne abin da yake ci mini rai har gobe. Ana cewa na ɓata, alhali ban ɗaga ƙafa daga gindin bishiyar nan ba. Alawar ta narke a hannuna. Ƙishi ya kama ni, ina kallon zoɓo ina haɗiyar yawu. Fitsari ya matse ni, na riƙe, na riƙe, har ya zubo cikin sabon takalmina, ban matsa ba don an ce kada in je ko'ina. Duk jar laffayar da na hango sai in ce ga ta nan, in ta matso sai in ga wata ce. Rana ta yi sanyi, mutane suka fara raguwa, masu gadi suka fara kora. Sai a lokacin na fara kuka, shi ma a hankali, don kada a ce na yi rashin kunya.

Mai zoɓon ce ta zo ta tsuguna a gabana. Mama Ketura, 'yar kudancin Borno, mai faffaɗar fuska. Ta ce, "'Yata, ina mamanki? Ina gidanku?" Lokacin Hausata ba ta nuna ba, Kanuri muke yi a gida, ga tsoro, sai na yi mata shiru. Ta jira har aka rufe ƙofa, babu wanda ya zo. Ta goya ni, da jiƙaƙƙiyar rigata, ta ɗora kula a ka, ta tafi da ni gidanta a Jiddari Polo. Ta wanke ni, ta ɗaura mini zanin 'yarta, ta ba ni kunun gyaɗa. Da safe ta ji cigiya a rediyo, ta kawo ni har gida.

Na tarar gidanmu cike kamar ana zaman makoki. Ya Gana tana tsakiyar mata, idonta ya kumbura, tana maimaita labarin da ta riga ta bayar. Wai hannuna yana cikin nata, sai ta ji wata iska mai sanyi ta gifta, ta duba babu ni. Wai gindin darbejiyar nan ma ta duba ta sake dubawa, ban nan. Tsofaffi suka girgiza kai, suka ce ai dama wurin akwai manyan itatuwa, mutanen ɓoye ne suka ɗauke ni suka dawo da ni gindin bishiyar da magariba. Da aka ragu, ta ja ni bayan ɗaki, ta murɗe mini kunne, ta ce in na faɗa wa kowa zancen babur, zakin gidan zu zai zo ya cinye Mama. Na yi gum. Shirun nawa kuma aka ce alama ce.

Aka aske mini kai tas. Na sha rubutu har na gaji, na shaƙi hayaƙi har idona ya yi ja. A makarantar allo yara ba sa shan ruwa da kofin da na sha. Maƙwabciyarmu in na miƙa hannu zan ɗauki jaririnta sai ta ce yanzu ya ci, zai yi tumbuɗi. Ina aji biyu a sakandare zazzaɓi ya kayar da ni a layin taro, kafin in farfaɗo labari ya kai gida wai sun motsa. Babana, Allah ya jiƙansa, har ya koma ga Mahaliccinsa bai daina dafa kaina yana tofa mini addu'a ba, yana kallona da wani irin tausayi da ya fi duka ciwo.

Za ku ce me ya hana ni magana da na girma. Mama ce. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu, ita da Ya Gana. Na ce in na faɗa, zan raba ta da 'yar'uwarta, zan sa ta kwana da baƙin cikin abin da aka yi wa 'yarta a kan ƙarya. Sai na haɗiye, ina ganin ni ce nake kare ta.

Amma ranar Larabar nan haƙurina ya ƙare. Na tashi na shiga ɗakinta. Tana zaune a kan darduma, ta baje itacen turare a faranti tana yayyafa masa ruwan sukari da turare.

"Mama, Ya Gana ta gaya wa dangin Hashim wai ina da iska."

Hannunta bai tsaya ba. "Sun same ta ne a gaban mijinta. Me kike so ta ce?"

"Gaskiya nake so ta ce! Mama, babu aljanin da ya ɗauke ni. Ajiye ni ta yi, ta hau babur ɗin wani ta tafi. Ina tsaye a wurin tun rana har aka rufe ƙofa. Na yi shiru ne saboda ke. Amma gobe zan je Jiddari Polo, gida-gida zan bi har in samo Mama Ketura, in tana raye. Ita ta gan ni. Ta zo ta faɗa a gaban Hajja Saude, uwar Hashim."

Ina jira ta zabura, ta yi salati, ta ce ƙarya nake, ko ta fashe da kuka. Ko ɗaya ba ta yi ba. Ta rufe kwalbar turaren, ta goge hannunta da gefen zani.

"Ba sai kin wahalar da kanki ba," ta ce. "Ta gaya mini. Ranar da ta kawo ki, da na raka ta bakin titi, ta gaya mini komai, har mai babur ɗin."

Na dafa bango.

"Kin sani?"

"Na sani."

"Kina sane aka aske mini kai? Kina sane kika riƙe ni ana tura mini hayaƙi ina shure-shure? Baba fa? Shi ma ya sani?"

"Babanki bai sani ba. Da ya sani da a ranar zai kore ta, kuma da Umara ya ji, auren ya mutu ke nan. Yarinya marainiya, an kawo kayanta, a ce ta bi wani a babur ta yar da 'yar mutane? Wa zai sake kallonta a garin nan? Ke kuwa yarinya ce ƙarama. Na ce gashi ne, zai sake fitowa, mutane kuma za su manta."

"Sun manta?"

Ta kawar da kai, ta ce, "Aisa, 'ya'yanta sun girma, babbar ma an kusa sa mata rana. Kin san halin Umara da kishi. Kina so a sako ta da furfura a kanta saboda abin da ya wuce?"

Na tashi daga jikin bangon na fita, don abin da yake bakina ba na faɗa wa uwa ba ne.

Washegari Hashim ya kira. Muryarsa a dushe.

"Na yi iya yina, Aisa. Ni na san lafiyarki ƙalau. Amma Hajja ta ce ba za ta kawo abin da zai taɓa mata jikoki ba. Abu ɗaya ta yarda da shi: a kira Goni Ba'ana ya yi miki ruƙiyya a gabanta ranar Asabar. Ta ce in an raba ki da aljanin, ta ga fitarsa da idonta, shi ke nan, a sa rana."

"In kuma ba abin da ya fita fa?"

Ya ja numfashi. "Ta ce irin masu taurin kan nan ne, masu ɓuya. Don Allah ki daure, saboda ni."

Na buɗe baki zan gaya masa komai, sai na ga Mama tsaye a bakin ƙofa tana kallona. Na ce masa to, na kashe wayar. Ta shigo ta zauna a bakin gadona, ta kama hannuna, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

"Ki saurare ni, 'yata. Abin nan mai sauƙi ne. In Goni ya fara karatu, ki ɗan yi kuka, ki ɗan karkaɗa jiki, ki yi atishawa, ki faɗi. Sai a ce ya fita. Hajja Saude ta gamsu, ki samu mijinki, Gana ta zauna a ɗakinta. Kowa ya huta."

"Mama, ƙarya kike so in yi ana karanta Alƙur'ani a kaina?"

"Rufin asiri nake nema mana gaba ɗaya."

Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Kwana biyun nan ko abinci ban iya ci ba.

Asabar da hantsi aka shimfiɗa babbar darduma a falo. Mama ta turare ɗakin, ta dafa shayi, ta jera dabino a faranti kamar abin arziki ake yi. Na sa doguwar riga baƙa da hijabi mai ruwan toka har ƙasa, ko kwalli ban sa ba. Ya Gana ce ta fara isowa, cikin laffaya mai duwatsu, zoben gwal a yatsu uku, ƙamshinta ya riga ta shigowa. Ta dafa kafaɗata ta ce, "Sannu 'yar nan, yau Allah zai yaye miki." Na kalli hannun har ta janye shi.

Sai ga Hajja Saude, mahaifiyar Hashim, doguwa, ba fara'a ba ɗaure fuska. Aka yi ta wushe-wushe, gaisuwarmu ta Kanuri, da lale marhaba. Ta zauna a kujera tana ƙare mini kallo daga sama har ƙasa. Hashim ya tsaya daga bakin ƙofa, ya cire hula yana murza ta a hannu. Goni Ba'ana dattijo ne mai natsuwa, ban ga laifinsa ba ko kaɗan, abin da aka gaya masa shi ya zo yi wa magani. Ya zauna nesa da ni kaɗan, ya ce in lumshe ido, ya yi bisimilla ya fara.

Na yi niyyar in zauna kamar dutse, in bar su su gaji su tashi. Amma muryarsa tana da daɗi, irin karatun da Baba yake yi da asuba. Sai na tuna Baba, da hannunsa a kaina, da yadda ya tafi kabari yana zaton 'yarsa ba ita kaɗai ba ce a jikinta. Kuka ya ƙwace mini. Ba na wasa ba, na gaske, irin wanda yake girgiza mutum tun daga ciki. Na yi ƙoƙarin tsayar da shi, jikina ya hau rawa.

"Ga shi nan," na ji Ya Gana ta ce. "Ya zo. Haka yake mata."

Goni ya ɗaga murya, ya ƙara ayoyi, sannan ya tsaya ya ce, "Kai wane ne? Me ya haɗa ka da baiwar Allah nan? Kai ne ka ɗauke ta tana ƙarama?"

Na buɗe ido. Duk suna kallona. Mama tana yi mini alama da ido, wai in faɗi. Atishawa ɗaya ce tsakanina da Hashim, na sani. Na kalle shi, mutumin da bai taɓa yi mini ƙarya ba, na ji ba zan iya shiga gidansa ta wannan ƙofar ba.

"Allah gafarta Malam, ni ce Aisa, ba kowa a jikina," na ce. "Babu wanda ya ɗauke ni. Ya Gana ce ta ajiye ni a gindin darbejiya, ta hau babur ɗin wani saurayi ta tafi, ba ta dawo ba har aka rufe ƙofa. Ta ƙirƙiri zancen aljanu ne don kada aurenta ya mutu."

Ya Gana ta dafe ƙirji, ta ja da baya, sai ta saki salati da ƙarfi.

"Kun ji ko? Kun ji la'ananne? Ni zai yi wa ƙazafi! Ni da na kusa haukacewa ranar!"

Goni ya gyaɗa kai a hankali, ya dubi Ya Gana. "Ki yi haƙuri, Hajja. Haka suke. In wuta ta kai musu sai su koma ƙarya da raba zumunci. Kada kowa ya ɗauki maganarsa."

"Ni ce! Wallahi ni ce nake magana! Hashim, ka san muryata!"

Hashim ya tako zai shigo, Hajja Saude ta ɗaga masa hannu ba tare da ta waiwaya ba, ya tsaya cak. Na ga ta janye ƙafafunta daga kusa da ni, ta tattare gefen laffayarta. Amma ba ta tashi ba. Ta juya ta kalli Mama, ta daɗe tana kallonta.

"Ke ce uwa," ta ce. "Ke kika haife ta, ke kika san muryarta. Tsakaninki da Allah, wa yake magana yanzu? 'Yarki ce, ko shi ne?"

Na rarrafa na kama ƙafar Mama. Ban iya cewa komai ba sai sunanta. Ta kalle ni, idonta cike da ruwa, leɓenta yana motsi. Ta kalli Ya Gana. Sannan ta sa hannu biyu ta zare yatsuna daga ƙafarta, ɗaya bayan ɗaya, ta sunkuyar da kai.

"Goni," ta ce, "a ci gaba da karatu. Bai fita ba tukuna."